Shagon Wa? Yadda Ake Sanin Yaro Ya Isa Fagen Manya a Yammacin Zamfara

Wanda ya saba sauraren labarin dambe a rediyo, ko yake kallonsa a waya, zai lura da wani abu game da sunayen 'yan wasan: kaɗan ne ake kira da sunan yanka. Wannan Shagon wane ne, wancan Autan wane, ga Garkuwan wane, ga Bahagon wane, ga Ƙanin wane. Mutum sai ya shekara goma yana zubar da maza a fage, ya ci babur, ya ci mota, amma har ya yi ajo ya ajiye zare sunan wani ne rataye a wuyansa. Jama'a sun ɗauki wannan a matsayin adon kirari, alhali kuwa ragowar wata tsohuwar doka ce. A ƙasar Hausa yaro ba shi ke cewa ya isa shiga fagen manya ba, 'yan kallo ma ba su ke faɗa ba, balle mai karɓar kuɗin ƙofa. Mutum guda ne ke yanke wannan hukunci, kuma don kada ya yanke shi da wasa sai al'ada ta ɗaura sunansa a jikin yaron, ta yadda in yaron ya faɗi tare za su faɗi. A ganina wannan tsari, duk da aibobinsa, ya fi wanda ya gaje shi sanin abin da ake nufi da isa, kuma babu inda rushewarsa ta fi fitowa fili kamar yammacin Zamfara, ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi.

Gulbi ɗaya ne ya ratsa waɗannan ƙasashe uku, Gulbin Zamfara, kuma tarihi ɗaya ya ɗinke su. Bayan Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, gidan sarautar Zamfarawa ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har ya zauna a Anka a ƙarni na 19, shi ya sa har gobe Sarkin Anka shi ne Sarkin Zamfara. Na Gummi Sarkin Mafara ne, na Bukkuyum kuma Sarkin Danko. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, da shinkafa a fadama, da shanu da awaki, da kasuwannin mako a jere bisa hanyar da ta taso daga Gusau ta bi Anka ta faɗa Ɗaki Takwas, inda ta rabu, wani reshe ya nufi Gummi wani ya gangara Zuru. Abu biyu dambe ke bukata kafin ya kafu a wuri, kuma duka biyun suna nan. Na farko kasuwar dabbobi, domin inda ake ciniki da shanu nan mahauta ke taruwa. Na biyu kaka mai albarka, domin sai rumbu ya cika manomi ke samun sararin zama kallo, da dami ko akuyar da zai yi kyauta da ita.

Dangantakar dambe da fawa tsohuwa ce, kuma akwai shaidarta a rubuce. A shekarar 1824 Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, ya sauka Kano kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, hanyar da ta bi da shi ta ƙasar Zamfara. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya sa wuri 2000 don a yi masa wasa a ƙofar masaukinsa. A labarin da ya rubuta ya ce 'yan damben sun zo da makaɗa, mahautan gari na biye da su, ya kuma bayyana yadda ake naɗe hannu ɗaya da ƙyalle. Ya ce ya hana a yi da gaske, don an gaya masa karon gaske yakan kai ga rasa rai. Abin lura a nan shi ne, shekaru ɗari biyu da suka wuce dambe yana cikin gidan sana'a ne, yana da masu shi. Rundawa ke yin sa, kalangun da ake kaɗa wa fawa shi ake kaɗa masa, Sarkin Fawa kuma yana da ta cewa. Gidan sana'a kuwa yana da matakala. Ɗan mahauci ba ya fara da kayar da sa. Yana farawa da riƙe ƙafa, ya koma wanke kayan ciki, ya ɗauki faranti ya yi talla, a ba shi akuya ya feɗe a duba ko ya huda fata, sannan wata rana a miƙa masa babbar wuƙa. Mutanen da suka tashi a haka ba za su ga yaro ya iya dunƙule hannu su tura shi gaban shago ba. Yadda suka rena shi a mahauta haka suka rena shi a fage.

Matakin farko dandali ne, da farin wata, da rairayin gulbi in ruwa ya janye. Nan yara ke kokawa da 'yan naushe-naushe da tsumma a hannu, sa'a da sa'a, manya na gefe kamar ba sa kallo alhali suna kallo. Wanda ya yi fice sai a bar shi ya share fage ranar biki, kafin rana ta yi sanyi manya su fito, ya tara da yaran unguwar gaba ko na ƙauyen da ke maƙwabtaka. Bayan nan sai yawon kaka. Ayarin 'yan dambe ya tashi daga gari zuwa gari, yaron na ɗauke da jakar ubangidansa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke miƙa zare, kuma zai iya yin kaka guda cur yana kallo ba a bar shi ya shiga ba sai jefi-jefi. A nan yake fara ganin bahago, da dogo mai dogon hannu, da gajere mai shigowa ta ƙasa, da mai ƙafa. A nan kuma yake fara dambe a gaban taron da ba wanda ya san uwarsa, inda in ya faɗi ba mai cewa ayya. Wani abu da ba a cika kulawa da shi ba shi ne, kalandar manomi da kanta ta hana gaggawa. Wasa na 'yan watanni ne, daga an gama girbi zuwa gabanin shuka. Da hadari ya fara haɗuwa kowa ya koma gona, fartanya da garma su gina masa baya da kafaɗa, kan da ya sha duka ya huta wata biyar ko shida. Saboda haka duk hazaƙar yaro, hawa daga dandali zuwa fagen manya sai ya ci shekaru, don kaka sau ɗaya take zuwa a shekara.

To me ubangida ke dubawa a tsawon waɗannan shekaru? Ƙarfin naushi shi ne mafi ƙanƙantar abin da yake nema, don wannan tun ranar farko ake ganinsa, kuma kowane saurayin da ya sha fura ya yi noma yana da rabonsa. Yana duba tsayuwa, yadda yaro ke dasa ƙafa ya raba nauyinsa. Yana duba hannun da ba a ɗaure ba, garkuwa, wanda 'yan kallo ba sa yi wa shewa amma shi ke raba mutum da kabari. Yana duba numfashi a turmi na uku, lokacin da hannun zare ya yi nauyi kamar an rataya masa dutse. Amma babban abin da yake jira ya gani shi ne ranar da za a kashe yaron. A dambe in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, kuma kalmar ba a banza aka zaɓe ta ba, domin akwai abin da ke mutuwa a zuciyar saurayi ranar da ya tashi da ƙasa a baki 'yan mata na kallo. Wani daga ranar ba ya ƙara shiga da gaba gaɗi, ya riƙa rufe ido in ya ga hannu tafe. Wani kuma ya haukace, ya dawo yana neman fansa ido rufe, ya ba da haɓarsa kyauta. Na uku shi ne wanda zai koma gefe ya zauna ya tambayi kansa ta ina hannun ya shigo, gobe ya fito ya toshe wannan ƙofa. Yaron da ba a taɓa kashewa ba, ba wanda ya san wane ne shi a cikin ukun nan, har shi kansa. Hikimar tsohon tsari ita ce ya tanadar wa yaro wurin da zai faɗi da araha. Faɗuwa a hannun sa'anka a ƙauye kamar Gwashi ko Gayari kunya ce ta kwana uku. Faɗuwar farko a hannun ƙasurgumin shago mai shekara talatin, wanda ya san inda jijiya take, tana iya zama ta ƙarshe.

Kuma fagen da kansa yana da birki. 'Yan dambe ƙungiya-ƙungiya suke, Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, kowane ɓangare da manyansa a zaune. Ɗan wasa ya fito ya yi kirari, ya zagaya, ya miƙa hannu ga wanda yake so. In yaro ne jininsa ya tafasa ya zabura zai amsa kiran da ya fi ƙarfinsa, akwai mai ikon riƙo shi ya zaunar da shi ya ce ba sa'anka ba ne, kuma ba mai ganin laifinsa. Shi ma babban ba ya son karon. In ya kashe yaro ba abin da ya ƙaru da shi sai surutu, in kuwa tsautsayi ya sa ɗan hakin da ya raina ya tsone masa ido, sunan da ya gina a shekara goma ya zube a yammaci ɗaya. Ke nan ɓangarorin biyu duk suna da dalilin jinkirtawa. Ranar da ubangida ya kama hannun yaronsa da kansa ya naɗa masa zare ya nuna masa babba, kowa a wurin ya san abin da ya sa a caca, don daga ranar ba a cewa an kashe wane, sai dai a ce an kashe Shagon wane.

Mai zuga kuwa makaɗi ne, kuma aikinsa ke nan. Duk wanda ya san waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace, musamman waɗanda ya yi wa Shago da Ɗandunawa, ya san abin da kalangu da murya ke yi wa jinin namiji. Har yau ana jin su a tashoshin mota da rumfunan mahauta daga Gusau har Gummi, kuma sun sa sunan Shago da laƙabin gwanin dambe sun zama abu ɗaya a kunnen mutane. Waƙar ɗan dambe tana raina mutuwa, tana kiran mutum ya shiga ko da ba zai fito ba. Al'adar da ta ƙirƙiri irin wannan zuga dole ta ƙirƙiri abin da zai tare ta, in ba haka ba samarinta su ƙare. Makaɗi na turawa, ubangida na riƙewa, a tsakaninsu ake samun ɗan dambe. In aka cire ɗaya aka bar ɗaya, abin da ya rage ba zai yi kyau ba, kuma wanda zamani ya cire shi ne mai riƙewa.

Cirewar ta faro ne daga ci-rani. Da hanyoyin mota suka buɗe, samari suka riƙa tafiya birane da rani, dambe ya bi su. Sannu a hankali aka samu gidajen dambe na dindindin, masu katanga da tikiti, irin na dandalin Ado Bayero a Kano, da gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da waɗanda ke unguwannin Hausawa a Legas. Wasan ya fita daga hannun rundawa ya zama na duk mai ƙashi, kuma wannan ba aibu ba ne. Amma gidan da ke buɗe kusan kowace yamma, rani da damina, ya shafe hutun da gona ke bayarwa. Kyauta ta tashi daga dami da riga zuwa babur da mota. Sai ga waya, da tashoshin YouTube irin su Dambe Warriors, inda kisa ɗaya na daƙiƙa goma zai zagaye duniya kafin wanda aka kashe ya farfaɗo. Mai gida yana bukatar sabuwar fuska don 'yan kallo sun gaji da tsofaffi, kuma ba abin da ke cika gida kamar a ce ga wani yaro ɗanye zai tara da wane. In yaron ya yi kisa an samu tauraro, in an kashe shi an samu hoton da za a yaɗa. Ta kowace fuska mai ƙofa bai yi asara ba, don ba sunansa ke jikin yaron ba.

Wannan ya shafi ƙasar Hausa duka, amma a yammacin Zamfara akwai ƙari mai nauyi. A 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma a ƙauyukan da ake daka duwatsun zinari a cikin gidaje: Bagega da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF. Dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma jariran da suka tsira a wancan lokaci su ne samarin yau, su ne daidai shekarun da ake ɗaura wa zare. Duk mai tausayi ya kamata gabansa ya faɗi in ya tuna haka yana kallon saurayi daga wannan yanki yana karɓar duka a ka. Bayan dalma sai 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai wajen 200. Garin da ake kwana da ido ɗaya ba a wasan farin wata a dandalinsa. Hanyar da ake tare mutane a kanta ayarin 'yan dambe ba ya bin ta da kalangu. Matakan ƙasa, waɗanda ake faɗuwa da araha a kansu, su ne suka fara karyewa, na sama kuwa yana nan a birni yana kira. Saurayin da ya yi ƙwanji a ramin zinari, wanda gonar ubansa ta gagari shiga, ba shi da abin sayarwa sai hannunsa, sai ya hau mota daga tasha ya sauka kai tsaye a fagen da a da sai an shekara biyar ko shida ake taka shi.

Za a ce ai zakaran da Allah Ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, kuma akwai yaran da suka shiga da wuri suka gagara. Gaskiya ne akwai su, kuma riƙe irinsu a dandali zalunci ne. Amma mu dubi yadda masu kuɗin da suka fi kowa auna 'yan wasa ke yi. A Kanada da Amurka, gasar hoki ta ƙanƙara ta NHL tana zaɓen matasa tun suna shekara 18. Sidney Crosby, wanda aka zaɓa na farko a 2005, ya shiga kai tsaye ya yi fice a shekararsa ta farko, haka Connor McDavid a 2015. Amma mafi yawan waɗanda ake zaɓa mayar da su ake yi ƙananan gasanni su ƙara shekara biyu ko uku. Har ƙa'ida suke da ita wadda ta ba ƙungiya damar gwada matashi a wasa tara, in ta ga bai nuna ba ta mayar da shi ba tare da shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ƙirguwa ba. Mutanen da ke da likitoci da kwamfuta da hoton kowane motsi sun ƙare a kan abin da Sarkin Fawa ya sani: gwani na gaske tsiraru ne, kuma shi ma sai an gwada shi a inda za a iya janye shi. Matsalar hujjar zakara ita ce waɗanda suka yi cara kawai muke ji. Waɗanda shaho ya ɗauka ba makaɗin da ya yi musu waƙa, sun koma gida da rawar hannu ko nauyin baki, ana cewa iska ce ta taɓa su. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana wannan ciwo a jikin 'yan damben zamani, kuma kan Bahaushe ba da wani ƙashi daban aka yi shi ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Ubangida ba mala'ika ba ne. Akwai wanda zai danne yaro don kada ya shafe shi, akwai mai cinye kyautar da aka yi wa yaron, akwai mai ɗora masa layu da guraye da tsaface-tsaface har yaron ya yarda ƙarfinsa a aljihun wani yake. Mai cewa zamani ya 'yanta matasa daga wannan bauta yana da abin faɗa. Amsata ita ce, mugun ubangida a tsohon tsari yana zaune ne a cikin mutanen da suka san shi. Uban yaron yana gari, Sarkin Fawa yana gari, makaɗi ma da bakinsa, kuma yaron da aka danne yana iya sauya ayari a kaka mai zuwa. Kuskurensa kuma yawanci na jinkiri ne, wanda lokaci ke gyarawa, domin wanda aka makarar da shekara guda shekara guda ya rasa. Kuskuren gaggawa ba ya gyaruwa. Sannan 'yancin da ake magana a kai bai raba yaro da mai cin guminsa ba, sauya masa shi kawai ya yi, daga wanda zai haɗa ido da mahaifiyarsa a kasuwa zuwa wanda bai san sunan ƙauyensu ba.

Wasu kuma za su ce maganin yana cikin tsarin zamani: a auna nauyi, a raba aji-aji, a ajiye likita a bakin fage, kamar yadda sababbin masu shirya gasa suka fara yi. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, kuma abin kunya ne a ce akwai gidan da ke karɓar kuɗin ƙofa ba shi da ko mai duba wanda ya suma. Sai dai sikeli kilo yake aunawa. Saurayi ɗan shekara 18 da ƙato ɗan shekara 30 suna iya yin nauyi ɗaya, alhali ɗaya ya yi karo ɗari uku ɗaya bai yi talatin ba. Likita kuma bayan an faɗi ake kiransa. Wanda ke son ganin yadda ake haɗa zamani da matakala ya leƙa Nijar. Tun 1975, da aka fara kokawar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, hukuma ce ke riƙe da gasar, amma ba a zuwa fagen ƙasa sai an bi ta tankaɗe da rairaya a ƙananan matakai, kowace jiha daga cikin takwas ta fitar da 'yan kokawa goma. Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, ta wannan ƙofa ya bi. Kokawa ba ta kai dambe haɗari ba, duk da haka ba su yarda a tsallake mataki ba.

Akwai kuma mai cewa duk wannan magana ɓata baki ce, dambe bai kamata a yi shi ba sam. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999 ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, wannan ba ƙaramar murya ba ce, kuma tana da madogara: an hana dukan fuska, an hana jefa kai cikin halaka, malamai da yawa sun bambanta kokawa, wadda ta halatta, da damben da manufarsa cutarwa ce. Ba zan yi jayayya da malamai a fagensu ba. Abin da zan ce shi ne, wa'azi ya fi shekara ɗari biyu a ƙasar nan, tun zaman da Shehu Usmanu ya yi yana karantarwa a Zamfara kafin jihadi, dambe kuma bai mutu ba. Hana shi a gida bai hana yaron Bukkuyum yin sa a Abuja ba, ya dai raba shi da idon da zai tsawata masa. Wanda ya ƙi dambe don tsoron cutarwa shi ya fi kowa cancantar damuwa da yaron da ake turawa gaban manya bai nuna ba.

Abin da za a iya yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum, inda jama'ar ƙauyuka suka taru, ana iya mayar da wasan sa'a da sa'a da rana tsaka, kokawa a gaba, ƙarƙashin idon sarakunan fawa da masarautu, don yaro ya samu inda zai yi faɗuwarsa ta farko kusa da gida. A gidajen birni kuma, kafin a haɗa sabon yaro da babba, a tambayi wanda sunansa ke jikin yaron, a same shi da bakinsa ya ce ya yarda, domin laƙabin Shagon wane ya fara zama riga da kowa ke ɗauka ya saka ba tare da mai rigar ya taɓa ganin tsayuwarsa ba. Masu idon gane isar yaro ba su ƙare ba. Tsofaffin 'yan damben da suka yi yawon kaka a bakin Gulbin Zamfara da yawansu suna nan da rai, wasu a rumfar fawa, wasu a cikin 'yan gudun hijirar da ke zaune a garin Anka, hannun nan mai kanta yana riƙe da wuƙa ko carbi, kuma ba wanda ya zo ya tambaye su ko yaron da aka sa a mota zuwa Dei-Dei ya isa.